Takarda Ɗaya, Taga Uku

A Tromso rana ta yi yaji tun Nuwamba,
ƙarfe biyu na azahar fitila ke ci.
Ragnhild ta ajiye shayi a gefen tebur,
ta buɗe kundin babanta Halvard:
shekara arba'in da ɗaya a kan teku
da ta kwashe daga takardu masu ƙarnin kifi
ta zuba a kwamfuta, fayil guda.

Tsawonsa ya fi ƙarfin ido.
Sai ta tsaga allon gida uku.
Tagar sama ta ɗaure a shafin farko,
inda yake saurayi, ya ci bashi ya sayi jirgi.
Ta tsakiya ta sake ta tana kiwo.
Ta ƙasa ta kafe a ƙarshe,
inda hannu ya soma rawa, zance ya gajarce:
"Iska daga arewa. Ban fita ba."

A sama ta ga ta tsallake layi ɗaya,
ranar da ya shafa wa jirgin shuɗin fenti.
Ta mayar da shi gurbinsa.
Can ƙasa, ba wanda ya taɓa komai,
amma lambar layin ƙarshe ta gusa,
dubu tara da goma sha biyu
ta koma da sha uku.
Ta daɗe tana kallon lambar nan.
Ashe in ka ƙara wa mutum kwana a ƙuruciya
mutuwarsa kan ja da baya taki ɗaya,
ko da a allo ne.

Tagar tsakiya ta yi ta gangarawa,
hunturu, bazara, kuɗin mai, ragar da ta yage,
har ta tsaya cak a goma ga Maris.
"Kifi kwando sittin. Injin na tari.
An haifi mace."

Shi ke nan. Ita ce macen.
Bayan kifi, bayan injin.

Ta jawo tagar sama ta kawo ta wurin,
layin ya fito sau biyu kamar tagwaye.
Ta ce a ranta: wannan in bar masa,
wancan in gwada nawa,
in ga yadda zai zauna da an rubuta sunana.
Ta goge "mace" a ta tsakiya.
Ta ɗaga ido, ta sama ma wayam.
Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

Ta buga harafin farko, ya fito nan da can,
babu wanda ya riga wani.
Ba kwafi ba ne, ba madubi ba.
Ɗaki ɗaya ne ta huda wa tagogi,
duk ta inda ta zura hannu
kayan babanta take taɓawa.

A waje motar kwashe ƙanƙara ta wuce,
hasken lemo ya zaga bango ya fita.
Shayi ya yi fata.
Ɗan sandan rubutu na ta ƙyafta ido
a tsakiyar sunanta da ba ta ƙarasa ba.

Ta danna a koma baya. Ta sake. Ta sake.
Haruffa suka janye ɗaya bayan ɗaya,
"mace" ta dawo, a nan da can lokaci guda.

Kafin ta tashi ta tura tagar ƙasa sama kaɗan,
kwana tara kafin iskar arewa.
Da hannunta ta buga layin nan a bara,
ba ta ji shi ba sai yau:
"Ragnhild ta zo. Ta gyara murhu.
Ban yi maganar kifi ba."

Ta adana sau ɗaya, ya isar wa duka ukun.
Ta rufe biyu.
Ta bar ta tsakiya a buɗe,
ta je ɗumama shayi.