Littafin Karo-Karo

Ni aka damƙa wa littafin,
wai hannuna ba ya rawa in ya ga kuɗi.
Shafi na farko: Talle mai walda, dubu biyu.
Iya Kande mai ƙosai, ɗari uku da addu'a.
Barau ya kawo zakara, ya ce a sayar.
Na rasa layin da zan rubuta shi,
na ɗaure shi a gindin ɗorawa.

Taransifomarmu ta ƙone wata Laraba,
damina biyu ke nan.
Shamuwa ta zo, ta taɓa ƙarfen, ta ji sanyi,
ta yi sheƙa a kai.
Ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun yi fiffike, sun tafi.
Mu muna nan, bayan Jahun, muna jira.

Takarda kuwa ba ta fashi.
Ƙarshen wata yaro zai zo a kan babur,
biro a bayan kunne,
ya lissafa mana hasken da ba mu gani ba.
Na ce, ɗan nan, da wane mudu kuka auna?
Ya ce, Baba, ƙiyasi ne daga sama.
Na ce, to je ka gonar da ban shuka ba,
ka ɗebi dami goma, mun biya.
Ya yi dariya har ya share ido.
Shi ma, in ji shi, a Dutse
da hasken waya matarsa ke tuƙa tuwo.

Rediyo ya ce an kasa mutane aji-aji,
masu awa ashirin, masu ƙasa da haka.
Na kasa kunne har batir ya mutu,
ba a zo kan namu ba.

Sabo ya mai da injin niƙa kan dizal,
kuɗin niƙa ya kusa kamo kuɗin dawa.
Turamen da muka kife sun tashi,
lugude ya dawo gari tun kafin assalatu.
Daren da Hansatu jikata ta sauka,
ungozoma da haƙori ta riƙe tocila,
hannayenta biyu na ga jaririn.

Talle ya sayar da injinsa, ya yi Kano.
Sunansa na nan, ban soke ba.

Sau uku muna cika kuɗin gyara,
sau uku ana cewa ai ya ƙaru.
Gwangwanin na ƙarƙashin gadona,
yana nauyi, yana ramewa.

Ga manyan wayoyi sun ratsa ta kan gonata,
suna ƙugi kamar zuma a kogon kuka,
ɗauke da wutar wani gari.
Nakan jingina da fartanya in saurara,
mai ƙishi a bakin rufaffiyar rijiya.

Zakaran Barau, har yau ban sayar ba.
Ya tsufa, tukkunsa ya kwanta.
Amma duk abin da ke cikin littafin nan,
shi kaɗai ne in ya ce haske na tafe,
sai ya zo.