Cacar Dabino

Kafin a ɗaura, Maniru ya nuna mini a wayarsa
wani birni can ƙetaren teku, a tsakiyar rairayi,
inda fitilu suka hana dare wurin zama,
ruwa na tashi sama yana rawa,
mutane na zuba gumin shekara a bakin inji
kamar mai watsa wa kaji dawa.
Ya ce, “Can zan kai ki, Barira.”
Na ce, “A kan wane jakin?”

Da aka naɗe tabarmi, aka mayar da tukwanen aro,
motar Magariya ta sauke mu Damagaram da la’asar,
lallen ƙafata ko koɗewa bai fara ba.
Ga duwatsu jibga-jibga a tsakiyar gari
kamar giwayen da suka durƙusa suka ƙi tashi.

Ɗaki mai lamba tara, a wani masauki bayan Zengu.
Fanka na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Famfo ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Yaron gidan ya kawo jarka ɗaya
ya ce mu yi mata riƙon ƙwai.
Na ce, “Ango, ga ruwanka mai rawa.”

Da hantsi muka ɓace a lungunan Birni,
ya rantse ya san hanya, sau uku muna wuce akuya guda.
Wajen dukawa ya saya mini ’yar jaka ja,
babu ko dala a cikinta.
A kasuwar Dole, kilishi da rabin tiyar dabino.

Bayan isha’i aka ɗauke wuta.
Ya jingina waya da kofi, ya zaro tsohuwar karta,
ɗaya ta ɓata, an maye ta da kwalin sukari.
Na ce, “Caca fa haramun ce.”
Ya ce, “Duk wanda ya ci, tare za mu ci.”
Dabino ashirin gabana, ashirin gabansa.

Bai san cikin yayye maza biyar na tashi ba.
Na kwashe dabinon kakaf.
Na ci hularsa, na ci agogon da ba ya tafiya,
na ci wankin kwanuka na wata guda,
na ci alkawarin ba zai ƙara kirana da sunan yarinta ba.
Dariya har da hawaye,
har na ɗaki takwas ya buga mana bango.

Sai na ce, “Saura makullin babur.”

Ya daɗe yana kallon kartar hannunsa.
Can nesa wani kare ya yi haushi ya gaji.
Ya ce, “Yana Tirmini, hannun wani, tun watan jiya.
Shi ne akwatin lefenki.
Shi ne wannan ɗakin, da fankar, da jarkar.”

Ashe tun kafin in zauna an gama babbar cacar,
ya zuba abin neman tuwonsa gaba ɗaya
a kan ’yar Magariya mai tsiwa
wadda ko shayi ba ta iya haɗawa ba.

Ban ce komai ba. A zuci na ƙirga:
tumaki biyu a gidan Inna,
keken ɗinki, ’yan kunnen nan da ke mini nauyi.
Bai kai ba tukuna. Zai kai.

Na ce, “Raba kuma.”
Babbar karta ta faɗo hannuna,
na tura ta ƙarƙashin cinya, na zauna a kai.
Ya ci dabino ɗaya.
Ya ɗaga shi sama kamar kambun kokawa,
sannan ya ɓare, ya miƙo mini rabi.

Wajen asuba wuta ta dawo,
fanka ta ci gaba da ƙorafinta.
Kartar nan tana cikin jakar ja har yau.
Ya nema, ya nema,
ƙarshe ya yanko wani kwalin sukarin.