Gutsure Ɗari da Saba'in da Uku

Daren jiya a Melinka ruwa bai ɗauke ba,
teku na dukan ƙafafun gidanmu na katako,
ni kuwa ina gaban rediyon Eleodoro,
tsohon da hannunsa ya soma rawa
har ya sakar mini madannai.

Hoto ɗaya tak za mu aika:
jaririyar Ninfa, kwananta huɗu a duniya.
Ubanta na can Cabo Raper yana gadin fitilar jiragen ruwa,
sai bayan wata biyar za a ɗauko shi.
Babu waya, babu hanya, sai iska.

Na matse hoton har kumatunta suka yi gida-gida,
na'ura ta gutsuttsura shi kamar busasshen kifi,
kowane gutsure da lambarsa a goshi.

Sai ƙara: kirrr, tsit, kirrr,
kukan gyare a cikin akwatin ƙarfe.
Gutsure ya tashi, ya sauka kan tsauni
inda wata na'ura ke kwana ita kaɗai cikin ƙanƙara,
ta karɓa, ta miƙa gaba,
mu kuma mu yi jugum muna jiran "ya iso".

Na sittin da ɗaya ya ɓace a hanya.
Aka sake. Ya ɓace. Aka sake.
Eleodoro ya zuƙi shayinsa na mate, ya ce,
"Kunnenta ne wannan, na rantse,
kunnen gidanmu ba ya jin kira sau ɗaya."
Ninfa ta yi dariya har ta dafe ɗinkinta.

Da batirin kwalekwale muke aiki, allura sai sunkuyawa take.
Na kashe fitila don rediyo ya samu abin ci,
muka zauna a duhu, koren hasken allo a fuskokinmu.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji tsoho.
Ni dai ƙirga nake: ɗari da arba'in, ɗari da arba'in da ɗaya.

Na tuna Baldovino can a bakin duniya,
'yarsa na sauko masa layi-layi daga saman allo,
suma tukuna, sannan goshi,
ya yi minti ashirin yana kallon gira
kafin ido ya iso.

Uku saura kwata na ƙarshe ya tsallake.
Shiru. Iska ta ja eriya, ta saki.
Can sai haruffa suka fara ɗigowa,
rubutun mai danna madanni da yatsa ɗaya:

TA ISO DUKANTA. HANCINA NE. A BA TA HAƘURI.

Ninfa ta ɗaga jaririyar saitin allo
kamar allon yana gani.
Eleodoro ya buɗe littafinsa, ya sa lokaci da zango,
a gurbin ƙarfin sigina biro ya daɗe a sama
kafin ya rubuta: lafiya lau.
Batir ya mutu ba mu ce sai da safe ba.