Ina Za a Sauke Kayan?

Ruwan Valdivia bai san gajiya ba.
Kwana tara yana dukan rufin kwano,
a na goma faifan kwamfutar Baba ya yi ƙara
irin ta tsohon ƙyaure, ya yi tsit.

Kukan tsuntsayen kogin Cruces na shekara sha huɗu
duk yana ciki. Shi kuwa mai naɗar, Eliodoro,
watansa bakwai a ƙasa.

Na tono ajiyar ko-ta-kwana
a gwangwanin biskit, ƙarƙashin safar sanyi:
ɗan faifai, da takarda mai rubutunsa da ke kwanciya hagu,
"Nélida, restaurar.sh. Banda gaggawa."

Layi talatin da ɗaya kacal.
Na karanta kafin in taɓa,
shi ya koya min auna ruwa da sanda kafin sa ƙafa.
Tsakanin umarni da umarni ya bar maganganu
bayan alamar da na'ura ba ta karantawa:
"nan na tafka kuskure a Yuli,"
"kada a zuba kan abin da ke nan, a tambaya tukuna."

Na danna. Baƙin allo ya ce:
ina za a sauke kayan?
Ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa, yana jira.

Na so in ce inda suke a da,
kusa da murhun itace, da tabarau, da tarinsa.
Wannan adireshin ya tashi.
Na buɗe sabuwar folda, wayam, na sa mata sunana.
Hannu na rawa, na tsallake karkatacciyar sandar
da ke raba gida da ɗaki.
"Babu wannan hanya," in ji rubutun,
bai taɓa ko tsinke ba.
Halin mai shi sak.

Na gyara. Sunaye suka fara gangarowa,
fayil na bin fayil, kowanne da ranarsa a goshi,
dubu tara da ɗari biyu da wani abu.
Shayina ya huce ban sani ba.

Ajiyar ta tsaya uku ga Maris.
Shi kuwa har ƙarshen Afrilu yana fita da kwalekwale.
Waɗancan makonni, ruwa ya ci.

Na buɗe na ƙarshe.
Yayyafi. Ciyayi na gogar katako.
Agwagwar ruwa mai baƙin wuya, can nesa.
Sai numfashi dab da makirufo,
da raɗa: "Ji, ji, ta dawo."