Murjanin Inna Ige

Nomau ya dawo daga Bur Sudan
da jaka guda, da tari, da madubin fuska
mai bututun roba kamar lofe.
Ya ce da shi ake rub-da-ciki bisa teku,
baki na shan iskar sama,
ido na kiwo ƙasa.

Muka kewaye shi gindin dogonyaro a Gidan Igwai.
"Akwai gari ƙarƙashin ruwa," in ji shi,
"katangunsa duk masu rai ne.
Ga kifi rawaya kamar gwaiduwa,
ga wani shuɗi, ya kunyata babar marina,
ga mai bakin aku yana gurgurar dutse,
kana jin ƙarar har cikin kunnenka
kamar yaro na taunar aya.
Kunkuru ya wuce ni bai ko dube ni ba,
tafiyar wanda ba a binsa bashi."

Inna Ige ta taɓa murjanin wuyanta.
"Wanga fa?"
"Danginsu ne, Inna. Can rassa gare shi."
Ta daɗe tana murza ƙwaya guda.
"Shekara hamsin ina rataye da ƙashin wani,
ban taɓa tambayar garinsu ba."

Da asuba na saci madubin.
Na gangara Kwalkwalawa,
inda masu albasa ke jan ruwan Rima.
Na ciji robar, na kwanta.
Ba shuɗi, ba rawaya.
Ruwa kamar kunun tsamiya,
tsohon silifa, saiwar burgu,
sai tarwaɗa guda ta shafe ni da gashin baki
ta koma cikin duhunta.
Amma na ji numfashina
yana shiga, yana fita,
kamar wani ne ke barci kusa da ni.

Na koma gida jiƙe, ina jiran faɗa.
Nomau bai ce kome ba.
Ya ɗauko dutsen da Baba ya tsinto a Kalambaina
sa'ad da yake aikin fasa farar ƙasa,
wanda muke tokare ƙofa da shi.
Ya tofa masa yawu, ya goge da hannun riga.
Sai ga zanen katantanwa,
layi-layi, kamar kitso.

Inna ta tuɓe murjaninta ta aza kusa da shi.
Rana ta fara zafi.
Akuya ta zo ta shinshina su duka biyu,
ta wuce.