Kwandon da Bai Tafi Kasuwa Ba

Shekara arba'in da 'yan kai
ina ɗaure alayyafo dami-dami a fadamar Auyo.
Kafin assalatu na loda wa Ɗangambo direba,
ya nufi Yankaba da shi, raɓa ba ta bushe ba.
Ni kuwa in dawo in sa hannu a tuwo da miyar kuka,
ina cewa ɗanyen ganye na awaki ne da mutanen birni.

Bara, sallar Magariba, sahun farko,
liman ya yi kabbara, jama'a suka miƙe,
gwiwata ta ce: je ka, ni ina nan.
Na dafa tabarma da hannu biyu
kamar wanda allura ta faɗi masa.
Ni Tanimu,
da nake saɓa buhun albasa ba wanda ya tallafa,
ni da jigo ya san tafin hannuna
tun injin ban ruwa bai san hanyar garinmu ba.

Hansatu jikata ta zo hutu daga makarantar jinya.
Ta kifa turmi a tsakar gida.
"Zauna, angona. Rungume hannu a ƙirji.
Tashi ka zauna sau biyar, ban da dafa komai."
Tana kallon agogon waya, kaji suna kallona.
A na uku cinyata ta kama rawa ba kiɗa.
"Daƙiƙa ashirin da huɗu," in ji ta,
ta rubuta da gawayi a jikin rumbu.

Da dare ta ce akwai wani sinadari a ganye,
naitiret, ko me,
saiwa ce ke tsotso shi daga ƙasa.
In ka tauna ka haɗiye, jiki ya komo da shi cikin yawu,
wasu 'yan halittu a bayan harshe su juya shi,
sai jijiya ta saki, jini ya sami hanya,
tsoka ta sha.

Na ce wannan ai ban ruwa ne, yarinya.
Ka yashe magudana, ka buɗe bakin kwami,
shukar da ta yi yaushi ta ɗaga kai kafin la'asar.
Ashe abin da nake wa gona
ban taɓa yi wa ƙwanjina ba.
Ashe ƙarfi nake ɗaurewa da igiyar kaba
ina aika wa waɗanda ban san sunansu ba.

Ta ce, "Kada ka ɗauka layar zana ce.
Ganye ba ya maido da samartaka,
ƙafar da ba ta tafiya kuma ko lambu ta cinye, a banza.
Maganinka na asibiti yana nan daram."

Tabawa ta fara kwaɗon latas da ƙuli,
ran nan lansir, ran nan alayyafo da rama.
Ba ta dafa shi ya mutu,
ruwan dahuwar ma ba ta ba rariya.
Da haƙorana bakwai nake taunawa a hankali,
sa'annan in taka zuwa bakin kogi in dawo,
sanda a hannu, wata rana a kafaɗa.

Wata uku. Ga turmi, ga gawayi.
Goma sha tara.
Ganyen ne, tafiyar ce, ko kunyar jika?
Ban sani ba, ban kuma matsa ba.
Buhun albasa dai mun yi sallama da shi.
Amma daga sujada
ni da sahu muke miƙewa tare,
ko da ni ne na ƙarshe da ɗan kaɗan.

Ɗazu Ɗangambo ya ƙirga kaya, ya sake ƙirgawa.
"Baba, kwando ɗaya bai hau ba."
Na ce ja motarka, ɗana.
Wannan an riga an saye,
gwiwa ce ta yi ciniki.