Agogon Ofishin Diyya

Shekara goma sha ɗaya ina tara kuɗin kujera
a gwangwanin madara, ƙarƙashin teburina,
bakin tashar Kumo, inda direbobi ke miƙo hannu
su ce, Hammayo, duba mana, lokaci ya tsaya.

Ranar allura muka ja layi a sansanin alhazai na Gombe.
Yarinyar da ta yi min, Zuwaira sunanta,
ta ce, Baba, ta mura ce,
cunkoson Mina ba ya tausayin ƙirjin tsoho.
Ta goga auduga. Ko cizon sauro ya fi ta zafi.
Mu ɗari huɗu ne a layin.
Duk sun yi ɗawafi, ban da ni.

Kwana goma sha biyu, tururuwa ta fara yawo a tafin ƙafata.
Na ce sanyin damina ne.
Da asuba takalmi ya zame a hanyar masallaci,
sai da na dawo gida na san ƙafa ɗaya ba ta da shi.
Abin ya riƙa hawa kamar ruwan Daɗin Kowa,
idon sawu, gwiwa, ƙugu,
har ya iso yatsu,
yatsun da ke tsince sukurun da bai kai ƙwayar gero ba.
Jirginmu ya tashi ina kwance a gado na shida,
Adda Mairo tana ɗiga min kunu da cokali.

Likita ya ce jijiyoyi ne.
Ya ce masu gadin jiki ne suka ruɗe,
kare ya manta mai gida ya kama shi.
Ya ce da ƙyar ake ganin ɗaya cikin dubun dubata,
kuma murar kanta takan jawo shi.
Na ce, likita, na ji lissafinka.
Ɗayan nan dai yana da suna, yana da iyali.

Ɗana Bappayo ya jiyo batun diyya.
Ofishin yana hawa na biyu.
Ya goya ni, matakala ashirin da shida,
ina jin numfashinsa a ƙirjina,
ni da na goya shi zuwa kallon kasuwa.
Suka ce sa hannu.
Muka dubi hannun, mu duka uku.
Bappayo ya kama babban yatsana ya dangwala,
kamar mai tsoma tuwo a miyar wani.

Kawo katin allura. Na kawo.
Kawo takardar likita. Na kawo.
Kawo shaidar cewa ita ce, ba wani abu ba.
Wannan kam, sai ku tambayi jijiyar.
Oga ya tafi taro.
Fayil yana gaban kwamiti.
Kwamiti yana jiran kasafi.
Fayil ɗina ya yi ƙiba, ƙafata tana ramewa.

A majalisar unguwa an so a mai da ni tuta.
Ka ga abin da muke faɗa, Hammayo?
Ban ba su aron ƙafata ba.
Ranar Talata ma jikata ta karɓi tata rigakafin,
ni na riƙe mata kati a cinya.
Zuwaira ta zo da lemo, ta kasa haɗa ido da ni,
na ce, 'yata, hannunki ba shi da laifi.
Layin nan don lafiyar kowa aka ja shi,
ƙayar da ta soki ɗaya, kowa ya kamata ya cire.
Ba sadaka na hau bene nema ba.

Jiya na tsinci sukuru da hantsaki.
Sau uku yana faɗuwa, a na huɗu ya zauna.
Adda Mairo ta yi guɗa a hankali, kada maƙwabta su ji.

Agogon bangon ofishinsu kuwa,
tun zuwana na farko yana kan biyu saura kwata.
Ba wanda ya ɗaga kai.
Na ce wa akawun, in yatsuna suka gama dawowa,
ku sauko min da shi.
Ba zan karɓi ko kwabo ba.